Akwatin Tsohon Mai Gidan Gem

Cikin duk yawon da na sha na neman tsofaffin kaset ɗin gem, akwai wata tafiya da na yi wani ƙauye bayan Malumfashi wadda ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da na manta sauran.

Ni dillalin hatsi ne a Funtua. Amma ina da wata sha'awa da abokaina ke yi min dariya a kanta, wato tara gem ɗin nan na da, masu kaset, waɗanda muka taso muna bin layi a kansu. Ba na sayen masu tsada da ake tallatawa a waya. Ni wajen masu gyaran rediyo nake bi, da 'yan gwangwan, da masu gwanjo ranar kasuwa. Dabarata kuwa ɗaya ce, in ɗauki kaya in jujjuya, in yamutsa fuska, in ce wannan ai tarkace ne. Ban cika komawa gida hannu wofi ba, kuma a lokacin ina ganin ba wanda ya kai ni iya ciniki.

Wata rana da kaka, wani mai gyaran talabijin ya ba ni labarin cewa mutumin da ya taɓa riƙe gidan gem kusa da tashar jirgi ya daɗe da komawa ƙauyensu noma, kuma matarsa na neman mai sayen kayan. Na san gidan gem ɗin sarai, don a nan kuɗin tarana na makaranta ya riƙa ƙarewa. Washegari da safe na hau mota zuwa Malumfashi, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Matarsa ce ta tarbe ni a zaure, dattijuwa mai fara'a. Bayan mun gaisa ta shaida min cewa bara maigidan ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya daina aiki, magana ma da ƙyar. Akwatin da kayan ke ciki ya tare musu wuri, har 'yan gwangwan sun zo sun ce za su ɗora shi a sikeli. Shi kuwa yana zaune a kujera gefe guda. Mutumin da na sani da murya kamar lasifika, wanda tsawa ɗaya yake yi yara talatin su nutsu, ga shi ya rame, yana kallon ƙasa.

Aka buɗe min akwatin. Injin gem biyu ne a ciki, da kaset jere reras, kowanne a naɗe cikin ledarsa. Har da wani na yaƙin jirgin sama da na shekara da shekaru ina nema. Sai halin nan nawa ya motsa. Na ɗauki ɗaya na jujjuya, na ce, "Hajiya, waɗannan ai duk sun mutu. Sai dai in taimaka in kwashe muku."

Ban rufe baki ba tsohon ya miƙo hannun hagu, ya jawo murfin akwatin ya rufe. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Babu wanda ya mutu."

Hajiya ta shiga ba ni haƙuri, wai ciwon ne ya sa masa saurin fushi. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Na sha kushe kaya a gaban masu su, amma ban taɓa ganin maganata ta sauka a jikin mutum kamar ranar ba. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, ƙarya na yi, ka yafe min. Ni ma yaronka ne, a gidanka na koyi gem."

Ya ƙura min ido, sannan ya yi wa Hajiya nuni da hannu. Ta gane nufinsa. Ni da ita muka ɗauko wata tsohuwar talabijin mai ƙeya daga ɗaki, muka haɗa ta da batirin solarsu. Ina saka kaset ɗaya bayan ɗaya, yana nuna min wanda ke buƙatar a goge bakinsa. Wallahi kowanne ya tashi.

Da muka zo kan na jirgin saman, sai ya karɓi fad ɗin da ake dannawa ya ɗora a gwiwarsa. Babban yatsansa na hagu na tuƙa jirgin, ni kuma ina danna maɓallin harbi ta ɗaya gefen. Idan na yi jinkiri ya zungure ni da gwiwar hannu. Muka wuce mataki na farko, muka wuce na biyu, na ji ya fashe da dariya. Hajiya ta leƙo daga madafa da muciya a hannu, ta ce rabonta da jin wannan dariyar tun kafin ya kwanta.

Can sai ya ture hannuna. Ya sa hannun hagu ya ɗago na daman, ya ajiye shi a kan maɓallin. Aka harbo jirgin sau uku yatsan bai motsa ba. A na huɗu ya danna, harsashi ɗaya ya fita. Hajiya ta zauna a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi. Ta ce a asibiti an yi ta fama da shi ya riƙa motsa yatsun nan, ya ƙi, yana cewa amfanin me za su yi masa.

Bayan la'asar muka koma kan ciniki, wannan karon da gaskiya. Na faɗa musu abin da kayan za su iya yi idan an kai birni, na kuma faɗi iya ƙarfina. Na ce a bar masa inji ɗaya da kaset biyar, har da na jirgin, duk da raina na kansa. Baba ya sallama min sauran a ƙasa da abin da na taya, da sharaɗin kada ko ɗaya ya je hannun 'yan gwangwan. Na yi masa alkawari, kuma har yau suna nan a jere a ɗakina.

Duk lokacin da sayen masara ya kai ni wajen Malumfashi nakan ratsa in gaishe shi. Yanzu da hannu biyu yake riƙe fad, a hankali dai, amma ba ya yarda in taya shi.

Tun daga ranar ban sake kushe kayan kowa don in saye shi da araha ba, ko kaset ne ko buhun dawa. Na gane cewa abin da kake kira tarkace, wani rabin rayuwarsa ne ya naɗe a leda ya adana. Kuma ban daina samun araha ba, sai ma na lura cewa mutum ya fi sakar maka kayansa idan ya ga ka san darajarsu.