Bai Ce A Ajiye Ba

Shagona na ɗinki yana kallon shagon masu gilashi, titi ne kawai a tsakaninmu. Na daɗe a wurin har nakan gane yankan kowanne daga cikin 'yan'uwan nan biyu ba tare da na ɗaga kai daga keke ba. Na babban, wanda duk layin ke kira Mai Gilashi, ja ɗaya ne siriri, sai ka ji ƙas. Na ƙanensa kuwa yakan ɗan tsaya a tsakiya, kamar mai son tambayar wani abu. Ƙarami ake ce masa. Furfura ta cika masa kai yanzu, amma sunan bai sake shi ba.

Daga mahaifinsu suka gaji sana'ar, da dogon teburi mai shimfiɗar bargo, da dokoki biyu. Babban gilashi mutum biyu ke ɗaukarsa a tsaye, ɗaya gaba ɗaya baya. Duk wanda ya ji hannu ko ƙafa za ta gaza masa, sai ya ce "ajiye", a sauke tare, ba tambaya ba gori. Doka ta biyu kuma, in gilashi ya riga ya kuɓuce, ba a tararsa. A ja da baya, a bar shi ya fashe.

Mai Gilashi ne a gaba tun suna samari. Shi ke ganin hanya, shi ke kiran taku. Kuma abin da yake tinƙaho da shi a duniya bai wuce ɗaya ba: bai taɓa cewa a ajiye ba. Ƙarami ne ke faɗin kalmar, shi kuma Mai Gilashi ya samu abin tsokana.

"Kai dai da Ajiye, kamar sunan budurwarka," in ji shi.

"Yaya, ni hannuwa biyu Allah ya ba ni, kuma ina son kayana."

Sai su yi dariya, su sake ɗauka. Haka suka sa wa rabin gidajen unguwar tagogi, suka aurar da 'ya'ya, suka tsufa a gefen teburi ɗaya.

Akwai shekarar da na fara ganin Mai Gilashi yana tsayawa a tsakiyar awo, ya sa hannu a ƙirji kamar mai laluben fensir a aljihu. Fensirin kuwa yana bayan kunnensa. In na leƙo na ce lafiya, sai ya ce shayi ne ya yi ƙarfi. Ba na cikin masu bin magana da gudu, sai na koma kan keke.

Ranar da abin ya faru, wani babban madubi za su hau da shi bene, a sabon shagon aski. Mai Gilashi na sama, Ƙarami na biye. A tsakiyar matakala idanun babban suka yi duhu. Daga baya ya ce mini ya ji abin na zuwa tun daga ƙasa, amma ya ga saura kaɗan. Gwiwarsa ta lanƙwashe, ya zauna daɓas, madubin ya karkato ta kansa. Ƙarami ya san doka ta biyu kamar sunansa. Ya miƙa hannun dama ya tare.

Asibiti ɗaya aka kwantar da su. Da na je dubiya, an riga an ɗinke hannun Ƙarami, ya rataye shi a wuya, ya zo ya zauna bakin gadon yayansa. Matar Mai Gilashi na tsaye a gefe riƙe da kwando. Likita, wata mace mai sanyin murya, tana yi musu bayani. Ta ce ɗakunan sama na zuciyarsa sun daina bugawa a tsare, karkarwa kawai suke yi, shi ya sa bugun yakan yi gudu, ya yi tuntuɓe, ya sake gudu. Ta ce babban haɗarin shi ne jini ya daskare a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

"Baba, tun yaushe kake jin haka?" ta tambaye shi.

"Yau ne farko."

Matarsa ta ajiye kwandon. "Likita, ya kusa shekara. Cewa yake kamar an saka masa kifi mai rai a cikin riga. Ya hana ni gaya wa kowa."

Ba wanda ya dubi Ƙarami. Shi kuma hannunsa da ke rataye yake kallo. Can ya miƙe ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Yaya," ya fita.

Jinyar ta yi tsawo. An ba shi maganin rage gudun zuciya, wanda ya sa yake tafiya kamar mai ratsa ruwa. An ba shi na tsinka jini, aka ce kada ya kuskura ya kusanci abu mai kaifi tukuna. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin gilashi, sai ga shi ko askin gemu matarsa na tsaye a kansa. An taɓa sa shi barci aka girgiza zuciyar da lantarki, ta daidaita na ɗan lokaci, sannan kifin ya dawo. Ya bar shayi mai ƙarfi, ya rage gishiri, ya rage tumbi. A ƙarshe aka zura masa siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin zuciya, aka ƙone wuraren da ke tada rikicin.

Wannan aikin ya yi nasara. Ban ga mai haƙuri da umarnin likita kamarsa ba. Kullum da safe yakan zaga unguwa da ƙafa, ya biyo ta shagona, ya miƙo mini wuyan hannu.

"Tela, taɓa ka ji. Ko kekenka bai kai wannan tsari ba."

Gaskiya ne. Bugun yana tafiya tiryan-tiryan. Likita ta ce zai ci gaba da shan maganin jini, amma yana iya komawa aiki, da safar hannu mai kauri da lura. Ranar ya sayo safar, sabuwa fil, ya zo yana nuna mini kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Hannun Ƙarami kuwa bai bi sahu ba. Raunin ya warke, amma yatsu biyu sun ƙi rufuwa. Yankansa ya daina zuwa kunnena. Ya ɗauki ma'aikata biyu, magidanta ƙarfafa, su ke yanka su ke ɗauka, shi yana awo da hagu yana karɓar masu saye.

Da Mai Gilashi ya dawo shago, ya tarar an saya masa kujera. Kujera ce mai kyau, mai hannu da matashi, an ajiye ta a inuwar ƙofa inda iska ke kaɗawa.

"Zauna ka huta, Yaya."

"Na huta har hutu ya gaji da ni. Ina abin yankana?"

"Yana nan. Zauna tukuna."

Tukunan nan ta yi ta tsawo. Ba a taɓa yi masa rashin kunya ba. Ana gaishe shi da rusunawa, ana kawo masa ruwa, in baƙo ya zo a ce ga mai shagon nan. Shi kuma yana zaune da safa a cinya, yana kallon wasu na ɗaukar gilashi ba bisa takun da ya saba ba. Wani lokaci leɓensa na motsi.

Wata safiya mota ta kawo gilashin gaban wani kanti, babba ƙwarai, ga shi ɗaya daga cikin ma'aikatan bai zo ba. Direba na ta danna oda, ya tare hanya. Na ga Mai Gilashi ya miƙe a hankali, ya sa safarsa, ya je ya tsaya a ɓangaren gaba ya kama. Ma'aikacin da ke nan bai kama nasa ɓangaren ba. Sai kallon Ƙarami yake yi.

"Kama mana, ɗan nan," in ji Mai Gilashi. "Ko sai an buga maka ganga?"

Ƙarami ya fito bakin ƙofa. "Direba, juya da shi. Ka dawo gobe."

"Ƙarami, na warke. Likita da bakinta ta faɗa. Zo ka taɓa ka ji."

"Na yarda ka warke, Yaya. Wallahi na yarda."

"To mene ne?"

"Da wane hannun zan taɓa?"

Direban ya bar danna oda. Ƙarami bai ɗaga murya ba, shi ya sa kowa ya ji.

"Ni ban taɓa jin tsoron zuciyarka ba. Ciwo na Allah ne. Shekara guda ina bayanka, gilashi a tsakaninmu, ka san abin da ke cikin rigarka. Kalma ɗaya ce, Yaya. Wannan mutumin yana da 'ya'ya. Ba zan sa shi a bayanka ba."

Motar ta juya. Mai Gilashi ya daɗe a tsaye, hannuwansa a buɗe daidai faɗin abin da ya riƙe. Sannan ya koma kujera. Bai cire safar ba sai da rana ta take.

Har yau yana zuwa kullum, ba ya fashi. Lafiyarsa lau, ya fi ni ƙarfi nesa. Shi ke taya ni fito da keken ɗinki baranda da safe, tunda bayana ya fara ba ni labari. Yana gaba, ina baya. Keken ba wani nauyi gare shi ba, kuma daga ciki zuwa baranda ba nisa.

Kwanan baya muna tsakiyar ƙofa sai ya tsaya. Numfashinsa daidai yake, fuskarsa ba gumi. Ya buɗe murya, fiye da yadda kunnena ke buƙata.

"Ajiye."

Muka sauke. A can ƙetaren titi Ƙarami na sunkuye kan teburi, yana danne ma'auni da hannun nan nasa. Ƙofarsu a buɗe take, kuma ba mota ko ɗaya da ke wucewa. Ya ja layinsa da hagu har ƙarshe, ya ɗauko wani gilashin.

Muka ɗan jira. Sannan Mai Gilashi ya ce in kama, muka ƙarasa da keken.