Hasken Tsohon Ido

Jiya a wata gonar gero kusa da Guci na ga tsohon faifan bidiyo rataye don korar tsuntsaye, yana walƙiya. Sai marigayi kawuna mai gyaran rediyo ya faɗo mini a rai.

Da injin wasan bidiyon da nake haya ya daina karanta faifai, shi na kai wa. Rumfarsa tana ƙamshin dalma da shayi. Ya riƙe numfashi, ya ɗan murɗa ƙusar da ke ƙara hasken idon injin, wato idon da ke karanta faifai.

"Kawu, ƙara mana," na ce.

"A'a, ɗana. Tsohon ido kaɗan-kaɗan ake ba shi haske. In ka cika masa, ƙonewa zai yi."

Faifan ya juya, hoto ya fito.

Allah ya cika kabarinsa da hasken da ba ya ƙona ido.