Filinmu da Turakun Masu Awo

A ƙarshen unguwarmu ta Sabon Gari a Jega, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara, akwai wani fili da ba shi da suna. Fili kawai muke ce masa, kuma kowa ya san wanda ake nufi. Lokacin albasa, da safe motoci ke sauke kaya a nan daga wajen Aliero da Danwarai, a baje, a tsince ruɓaɓɓu, a ɗura a buhu. Bayan la'asar sai mu share ɓawon mu kafa raga. Duk wanda ya koyi ƙwallo a filin nan ya san yadda ake faɗuwa a kan ɓawon albasa a tashi ana hawaye, ba don zafi ba. In an gama girbi a nan ake kokawa, in ana biki a nan ake kafa rumfa.

Wata shekara sai labari ya zo cewa ƙaramar hukuma za ta yanka filaye a gina gidaje, kuma za ta tsara yadda gidajen kallon ƙwallo da masu kiɗan biki za su riƙa aiki. An kafa kwamitin dattawa da ma'aikata. Sabon abin shi ne an ce a turo matasa daga kowace unguwa su ba kwamitin shawara. Filinmu kuwa yana cikin wuraren da za a yanka.

Unguwarmu ta tura mu biyu. Ni an zaɓe ni saboda bakina ba ya rufuwa, wannan ko mahaifiyata ba za ta yi musu ba. Na biyu shi ne abokina tun na makarantar allo, ɗan kabu-kabu da ke jigila tsakanin Jega da Maiyama, wanda shi ke riƙe da ƙungiyar ƙwallon yaran unguwa. Shi ke ɗinka musu ƙwallo in ta fashe, shi ke bin su gida-gida in iyaye sun hana. Mutum ne mai murya kamar lasifikar masallaci, in ya daka tsawa a filin har tumaki sai sun tsaya.

Kafin ranar zama mun sha shiri a teburin mai shayi. Abokina yana dukan tebur yana cewa, “Wallahi ko gwamna na zaune, sai na hwaɗi gaskiya! Hilin ga ba a taɓa shi!” Ni kuma ina ƙara masa gishiri. Mai shayi har ya daina karɓar oda yana sauraronmu.

Ranar zama muka sha wanka muka nufi ɗakin taro. An jera mana kujeru masu taushi, kowace da robar ruwa a gabanta. Mu kuwa da muka leƙa muka ga waɗanda ke zaune a babban tebur, ba wanda ya ce da wani komai, sai muka tuɓe takalma a bakin ƙofa, muka shiga a sunkuye, muka zube a ƙasa a kan siminti. Matasan sauran unguwanni ma haka suka yi. Kujerun suna tsaye babu kowa, masu ba da shawara suna ƙasa suna gaisuwa.

Ba laifinmu ba ne duka. Duk wanda ke teburin nan, ko ya ɗauke mu muna jarirai, ko ya zane mu a makaranta, ko yana sahu ɗaya da ubanninmu a masallaci. Shugaban kwamitin kuma wani tsohon hedimasta ne, dogo, siriri, da zanen Kabawa a kumatunsa. Ina ganinsa na waiga na dubi abokina, na ga fuskarsa ta yi kamar an watsa masa ruwan sanyi. Gidan tsohon nan abokina ke zuwa zance. Ɗiyarsa ta ƙarshe yake nema, magana har ta kusa kaiwa ga manya.

Tsohon ya ce, “Ku tashi ku hau kujeru. Shawara munka kira ku, ba ɗaurin aure ba.”

Muka tashi muka ɗosana a bakin kujeru. Ruwan nan ba wanda ya taɓa shi, don wa zai ɗaga roba ya sha a gaban manya? Mai awon ƙasa ya baje taswira ya yi bayani: nan hanya, nan gidaje, nan ma gidaje. Na ga filinmu an yanyanka shi kamar alkaki a faranti. Aka ce gidajen kallo za su riƙa rufewa da wuri, masu kiɗan biki kuma ba sauran tare titi. Bayan kowane batu tsohon sai ya dube mu ya ce, “To, mi kunka gani?”

Mu kuma sai mu haɗa baki, “Haka na, ranka shi daɗe.”

Abokina ko wannan bai iya faɗa ba. Idonsa na kan babban yatsan ƙafarsa tun daga farko har aka shafa fatiha.

Da muka fito, wata malamar firamare da ke cikinmu ta tsaya tana ɗaura takalmi tana hararar mu. Ta ce, “Maza ke nan. Ni dai ɗalibar hedimastan ta, shi yak koya man karatu. Ku mi ah hujjarku?” Na ji haushin kaina, na ji haushin kowa, har da kujerun.

Ba a jima ba aka zo aka kakkafa turakun siminti masu jan fenti a filin. Ɗaya ya faɗo daidai inda ake buga fanareti. Yaran ƙungiya suka daina gaida abokina da fara'a. Wani ƙaramin mai tsaron raga ya ce masa a gaban kowa, “Koci, an ce kai shiru kay yi.” Maganar nan ta cinye shi. Ranar da ya ɗauki wata tsohuwa zuwa Maiyama ya wuce mararrabarta bai sani ba, sai da ta dunƙule hannu ta buga masa a baya.

Ya same ni a shagon da nake gyaran waya ya zauna ya ce, “In na yi magana, a ce na tsaya ina ja-in-ja da uban yarinya gaban jama'a, shi ke nan an hana ni. In na yi shiru, hilin ya tahi, yaran ga kau ba ni iya duban idonsu.” Sannan ita yarinyar ta ƙara masa da nata. Ya je zance, tana wasa da bakin mayafi ta ce masa, wai Baba ya dawo yana cewa matasan bana sai cin tuwo, an tara su ba mai ta cewa. Ta faɗa tana dariya, shi kuwa bai ga abin dariya ba. Na tausaya masa ƙwarai, amma ni ma ba ni da dabara.

An ce za a yi zama na biyu kafin a rufe magana. Wannan karon mun hau kujeru tun farko, sai dai takalman suna waje. Kafin a fara, tsohon ya ce yana son ya san ko mu ɗiyan wane ne, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina na faɗi sunan mahaifina da na kakana. Sai ya cire tabarau ya ajiye.

“Wanda yaz zo daga Katsina hwataucin albasa? Ashe bawana na zaune bisa kujera! Wa yab ba Bakatsine kujera ina nan? Tashi ka ɗauko man buta.”

Wanda bai taso a wajenmu ba zai ɗauka cin mutunci ne. Wasa ne, tsohon wasa da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa tun kakanni. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kowa na da ikon ya faɗa wa ɗaya abin da ya ga dama, babba ko yaro, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Ni a Jega aka haife ni, haka ma mahaifina, Katsina sau ɗaya na taɓa zuwa ɗaurin aure. Amma gadon wasan nan yana nan, a kasuwa kullum sai na sha shi. Ban dai taɓa tunanin yana aiki a ɗakin taron hukuma ba.

Na ji bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, “Baba, ai ni mamaki nika yi. Wa yab ba Bakabe aikin gidaje? Ku da kun saba da gora da homa kuna kamun kihi cikin gulbi. Kun ga hili busasshe kun ɗauka ruwa na yaj janye, kuna sauri ku kakkahe turaku kahin shi komo.”

Mai awon ƙasa ya tsaya da sanda a hannu. Sai tsohon ya fashe da dariya har yana dukan tebur, sauran dattawan suka bi. Ya ce, “Kun ji Katsinawa ko? Baki har ƙasa, gona ko taki guda babu! To bawa, ci gaba, mi ad damuwarka da hilin?”

Na ci gaba, rabi wasa rabi gaskiya. Na ce in an yanka filin, masu albasa a ɗakin wa za su baje kaya? In an hana kafa rumfar biki a titi, an kuma cinye filin, a kan rufin kwano za a yi biki? Malamar nan ta ɗaga hannu ta ce gidajen da aka zana ba su da dakali, ba inda yara za su yi wasa uwa tana hango su. Wani mai gidan kallo ya ce manyan wasanni ba sa farawa sai bayan lokacin da aka ce a rufe. Har wani ya manta ya buɗe robar ruwa ya sha. Na ji daɗi a ranar irin wanda ban taɓa ji ba, har na fara ɗaukar kaina gwani.

Sai tsohon ya ɗaga hannu, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

“Mun ji, mun yi dariya. Amma zancen bawa wasa na, ba a tada turaku da wasa. Wa ka riƙon yaran da ka ƙwallo hilin nan? Shi nika son ji.”

Ya san amsar sarai. Bai ko dubi gefen abokina ba, amma duk ɗakin can aka juya. Na zungure shi da gwiwa. Ya miƙe a hankali, ya kafe idonsa a kan fankar da ke sama. Muryar lasifikar nan ta koma kamar ta mai neman bashin gishiri.

Ya ce, “Baba, ni na. Yaran ga da la'asar suna hili, ina ganinsu, iyayensu sun san inda suke. In babu hilin na san inda za su, bayan tasha za su, kuma kowa nan ya san abin da aka saidawa can. Ba gidaje munka ƙi ba. Muna son gidaje. Ni kaina ina biɗar inda za ni aje iyali.”

Yana rufe baki ya gane abin da ya faɗa da kuma gaban wanda ya faɗe shi. Ɗaya daga cikin dattawan ya rufe fuska da hula yana girgiza. Malamar ta juya ta fuskanci bango. Tsohon ya mayar da tabaransa a natse, ya dubi abokina ta samansa ya ce, “Iyalin wa?”

Ɗakin ya tarwatse da dariya. Abokina ya sulale daga tsaye, bai tsaya a kujera ba sai da ya kai siminti. Tsohon kuwa ko murmushi bai yi ba, ya juya ga mai awon ƙasa ya ce a sake duba taswirar.

Ba duka muka samu ba. An yanke gefen filin na gabas, har da bishiyar da 'yan kallo ke fakewa, kuma wannan har yau yana yi mini ciwo. Dokar gidajen kallo an sassauta ta ranakun manyan wasanni kawai. Amma an tumɓuke turakun tsakiya, aka jera gidajen a kewaye, ƙofofinsu na kallon filin, kowanne da dakalinsa. Turken wurin fanareti yaran suka ɗauke shi a ka suna waƙa, yanzu shi ne kujerar koci.

A filin aka kafa rumfar bikin abokina bayan an kwashe albasa. Tun daga wancan zaman kuwa ban sake jin ya haɗa jimla guda a gaban surukinsa ba. In zai wuce ƙofar gidan sai ya kashe babur ya tura shi da ƙafa.

Ranar ɗaurin auren na je na durƙusa na gaida tsohon. Ya kama kunnena ya ja kamar ɗan aji ɗaya, ya ce, “Bawa, da abokinka ya yi shiru ran nan, da hilin da ɗiyar dut ba ya samu. Wanda bai iya buɗa baki don ɗiyan mutane, yaya za shi buɗa shi don tawa?”

Na ce, “To Baba, ai ni nib buɗa mai hanya.”

Ya saki kunnen ya dube ni. “Kai? Kakanka ni da shi munka yi maƙwabtaka, kai kuma ina wurin anka raɗa maka suna. Kana tsammanin ban san ko kai ɗan wa na ba sai da nit tambaya?”

Sai a lokacin na gane da gangan ya tono wasan nan, don ya buɗe mana baki. Ya miƙo mini buta, na karɓa na tafi ɗebo masa ruwa.