Rawar Ɗari a Zafin Garwa

Shekarun baya, ina ɗauke da cikin fari, mijina ya bar ni wajen mahaifiyarsa a Garwa, shi yana Meiganga kan harkar shanu. Cikin ya shiga wata bakwai a tsakiyar bazara. Wanda ya san zafin Garwa ba sai na yi masa bayani ba.

Surukata mace ce mai kirki, amma tana da doka ɗaya da ba ta wasa da ita. Mai ciki ba ta shiga makewayi da rana tsaka, ba ta shiga da almuru. Makewayin gidan yana can ƙurya, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya, ita kuwa ta ce lokutan nan na mutanen ɓoye ne.

"'Yar nan, ba ke suke so ba," in ji ta. "Abin da ke cikinki suke so. Ki daure har a kira la'asar."

Ni ga ni sarauniyar tsoro, sai na ƙara da tawa dabarar. Daga hantsi na daina shan ruwa, wai don kada fitsari ya matsa mini. A wannan zafin fa. Har ina jin kaina mai wayo.

Ba a jima ba fitsari ya fara yi mini zafi kamar barkono, ya fito ɗis-ɗis, ga wari. Ban faɗa wa kowa ba. Cikin fari, gaban uwar miji, da wane baki zan fara?

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, gida ya yi tsit. Rawar ɗari ta kama ni, haƙorana suna haɗuwa, na jawo bargo na lulluɓa. Kwiɓina na ciwo har baya. Abin da ya fi damuna, ɗan da ya saba shurina bai motsa ba tun safe. Ina kwance ina kallon tsakar gida ta ƙofa, sai na ga mace tsugune a bakin makewayi. Zanena ne a jikinta, ɗankwalina a kanta, butata a hannunta. Ta miƙe a hankali, ta juyo. Fuskata ce. Amma ba ta da ciki, zanen ya ɗauru a shafe. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi murmushi ba. Ta tsaya kawai tana kallona, irin tsayuwar mai jiran a fito ta shiga.

Ko ihu na kasa. Da surukata ta shigo na faɗa mata, ko mamaki ba ta yi ba, wannan ya fi komai tsorata ni.

"Kin shiga ne?"

"Wallahi ban shiga ba, Inna."

"To, sun biyo ki."

Ta rufe ƙofa, ta turara ɗakin, ta aika a kira malamin unguwa. Ya zo ya yi addu'a daga bakin ƙofa, yana jin yadda gado ke kaɗawa da ni. Da ya shafa, ya ce, "Hajiya, mun roƙi Allah. Yanzu a kai ta lopital, kada a jira mijinta."

A asibiti ungozoma ta daɗe tana yawo da abin sauraro a kan cikina. Ban tambaye ta ba, ina tsoron amsar. Can ta ce, "Zuciya na bugawa." Aka gwada fitsarin. Ta ce ciwon mafitsara ne, yana saurin kama masu ciki, nawa ya hau har ƙoda, kuma yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Riƙe fitsari da ƙin shan ruwa, in ji ta, su suka ba shi wuri. Batun matar da na gani kuwa, ungozomar ta ce zazzaɓi ne. Aka sa mini ƙarin ruwa da allurai. Washegari da hantsi na ji shuri, na fashe da kuka.

Surukata tana zaune a tabarma gefen gadon. Da ungozomar ta dawo, ta tare ta a hankali.

"Madam, wannan ciwon, da can ma akwai shi?"

"Akwai shi, Hajiya. Tun fil azal."

Sai da ungozomar ta fita surukata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Muna garin Poli, kafin in haifi mijinki, sau biyu na yi wannan rawar ɗarin ina da ciki. Duka biyun ban ji kukansu ba. Aka ce na shiga a mugun lokaci. Na biyun ma na fi kiyayewa."

Na haihu lafiya, mace, yanzu tana makaranta. Na san zazzaɓi ne ya nuna mini matar nan, ko da yake har yau in na tuna ta tsigar jikina sai ta tashi. Amma ban taɓa jin haushin surukata ba, tausayinta nake ji. Duk mai cikin da na gani ina ce mata ta sha ruwa, in fitsari ya zo ta je, in ya yi zafi ta faɗa. Surukata kuwa har ta rasu ba ta ƙara hana kowa shiga makewayi ba, kuma ba ta ƙara tayar da zancen Poli ba.