Rigar Aikin Virgil Tackett

Lorene Tackett ba matsoraciya ba ce. Na fara da wannan ne saboda waɗanda suka san ta da tsufa, lokacin da ko ƙarar agogon bango ba ta iya jurewa, kada su ɗauka haka aka haife ta. 'Yar tsaunukan Kentucky ce, daga gidan masu haƙar kwal. Tun tana shekara tara take wanke kayan maza shida a bakin rafi, da sabulun toka da kitse na uwarta. Bakinta kuwa, Allah ya raba ka.

Na san ta a 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya, a garin da gwamnati ta gina cikin wani kwari ta kewaye da waya, garin da ko a taswira babu shi. Mu dubbai ne, kullum cikin laka har idon sawu, kuma ba wanda ya san abin da ake ƙerawa a manyan gine-ginen nan marasa taga. Jirgin ƙasa ya shigo maƙil da kaya, ya fita wayam. An rantsar da mu cewa abin da ka gani a wurin aiki ko matarka ba za ta ji ba. Wanda ya yi suɓul da baka, washegari sai a ga gadonsa ba katifa.

Ɗakin wanki aka kai mu. Ni guga, ita kuma shugabanmu Mista Haskell ya tsayar da ita gaban wani baƙin akwati mai bututun ƙarfe a jiki.

"Ki kara kowace riga a nan," in ji shi. "In ya yi shiru, ki ninke. In ya yi ƙas-ƙas, a mayar wanki. In an wanke sau uku bai daina ba, ki jefa ta a wancan duron, ki rubuta lambar da ke wuyanta."

"Yallaɓai, me yake ji a jikin rigar?"

"Madam Tackett, tambaya nawa kika zo da ita? Don motar Kentucky ƙarfe huɗu take tashi."

Ban taɓa sabawa da akwatin nan ba. Riga fara tas, tana ƙamshin sabulu, ba ɗigon datti, amma a kara ta sai ya hau ƙas, ƙas, ƙas-ƙas-ƙas, kamar kaza na tsattsagar faranti. Duron kuma in ya cika wasu mutane ne masu safar roba suke zuwa ɗauka, ba sallama, ba sai an jima.

Lorene ce ta fara lura. Duk lambar da ta rubuta sau biyu, mai ita ba a sake ganinsa a layin motar safe. Akwai wani Clyde Mabry, dogo mai barkwanci, wanda kullum sai ya tsokane mu da cewa mun ƙona masa wando. Ran Talata ta rubuta lambarsa karo na biyu. Ran Alhamis babu Clyde, ɗakinsa a kulle, matarsa ta tafi ba ta yi wa kowa ban kwana ba. Wasu suka ce korarsa aka yi. Kora kuwa kowa ya san ma'anarta: aikin nan ne kaɗai ya hana a ɗauki namiji soja. Ƙanen Lorene ya riga ya mutu a Italiya, ko gawarsa ba su gani ba.

Mijinta Virgil mai haɗa bututu ne a ɗaya daga gine-ginen, mutum shiru-shiru mai son kamun kifi. Lambarsa 4417. Ta rubuta ta sau ɗaya a watan Oktoba. Bayan mako biyu wata rigar tasa ta fito daga wanki na uku, akwatin ya hau ƙara.

"Opal," ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "zo ki tsaya min a nan. Yau dai ƙibar nan taki ta yi rana."

"Ke Lorene, kina hauka? In aka kama ki fa?"

"To ki kira su mana. Ga Haskell can yana sakace haƙori."

Na tsaya. Ta ɗaga rigarta ta naɗe ta Virgil a ƙugu, ta sauke. Masu gadin ƙofa jaka suke dubawa, ba sa taɓa jikin mace.

A ganinta datti ne, kuma ba a yi dattin da ya gagare ta ba. Injinan gwamnati ne malalata. Kafin Virgil ya dawo sai ta dafa rigar da sabulun uwarta, a babbar tukunyarsu guda ɗaya, wadda a ciki take dafa musu wake. Da safe ta dawo da ita a ƙugu. Wani lokaci akwatin ya yi shiru. Wani lokaci bai yi ba, sai ta yi tari mai ƙarfi ta ninke rigar cikin masu tsabta, Virgil ya sake sawa. Wata takwas muna haka, kullum ni ce katangarta.

Wata safiya a watan Yuni, ba a ma kawo kaya ba, ta matsa kusa da akwatin za ta share ƙura. Ya yi ƙas. Ta dubi hannunta, babu komai. Ta ja baya, ya yi shiru. Ta matso, ƙas, ƙas. Ta cire rigar aikinta, ta wanke hannu har gwiwa da ruwan zafi, ta dawo. Ƙas, ƙas, ƙas. Mu biyu ne kaɗai a ɗakin, amma na rantse ji na yi kamar mu uku ne.

"Ya san ni ke nan," ta ce, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Daga ranar sai ta riƙa miƙa riguna daga nesa, da sandar tsintsiya.

A watan Agusta rediyo ya gaya mana abin da muka ƙera, wato bam ɗin nukiliya, da garuruwan da aka jefa wa. Mutane suka yi ta rawa a titi. Virgil bai je yaƙi ba, Lorene ta yi nasara, muka yi shiru da bakinmu.

Sai bayan shekara huɗu ya fara gajiya. Dasashinsa na jini, haƙora suna zuba ɗaya bayan ɗaya. Likita ya ce jininsa ne ya yi rauni. Ni nake raka su asibiti, don mijina ya rasu kuma ba ni da kowa sai su.

A 1951, muna dawowa daga asibiti, muka tsaya shan mai. Lorene na tuƙi, ina gefenta, Virgil a baya lulluɓe da bargo, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Mai gidan man ya leƙo ta taga, ƙato jajir da tumbi.

"Kai! Ba masu ƙona min wando ba ne? Madam Tackett!"

Clyde Mabry ne.

"Clyde," Lorene ta ce da ƙyar, "ina suka kai ka?"

"Ina fa? Wancan gefen kwarin, ofishin ajiyar kaya. Duk wanda lambarsa ta fito sau biyu cire shi suke yi daga ginin nan, wai jikinsa ya ɗibi gubar wurin da yawa. Suka ba mu gida mai famfo, likita duk wata, suka ce kada mu gaya wa kowa. Ni da haushi ma na tafi! Ina Virgil? Wannan mai sa'a, har aka gama yaƙi yana ciki ba a cire shi ba. Har yau ina mamakin yadda ya yi."

Bargon ya motsa a baya. Virgil ya ɗago kai yana murmushi da bakinsa mara haƙori, cike da alfahari.

"Ba sa'a ba ce, Clyde," ya ce. "Matata ce ta iya wanki."

Lorene ta kai hannu ga makulli sau uku ta kasa murɗawa. Ni na tuƙa mu gida.