Abin da Matan Ƙauyen Suka Gaya wa 'Yata

Ni fataucin riɗi na sani. Da jaki na fara, kuma kafin a mai da Dutse babban birnin jiha na riga na mallaki akori-kura tawa. Saboda haka da babbar 'yata ta samu shiga jami'a a Kano, tambaya ɗaya na yi mata: in ta gama, me za ta iya?

Ta ce karatun kula da jin daɗin jama'a ne da raya karkara.

Na ce, "Wato taimakon mutane?"

"Kusan haka ne, Baba."

"Shi ma sai an je Kano an koyo?"

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na bar ta ta tafi don uwarta ta matsa, amma raina bai kwanta ba. A kasuwa na girma, kuma duk wanda na taɓa gani ya zo yana cewa taimako ya kawo, da abin da yake son ɗauka in zai koma. Na riƙa tunanin waye a bayan karatun nan, kuma me yake nema a gidajen talakawa.

A shekararta ta uku, lokacin an fara shari'a a jihar, ta dawo gidanmu na Yalwawa ta ce an ba su aikin gwaji: kowa ya zaɓi ƙauye ya zauna da mutanensa, ya ji damuwarsu. Ita kuwa ta zaɓi wani ƙauye a yankin Garki, inda nake sayen mafi yawan riɗina. Na so in hana. Sai na ga gara ta je a motata, idona na kanta.

Mai garin ya karɓe mu a zaure. Dattijo ne da muka daɗe muna hulɗa, ba mu taɓa saɓawa ba. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi, ta nemi izinin shiga wurin mata. Ya ba ta. Tana shigewa ya dube ni.

"Alhaji, 'yar taka ma'aikaciyar gwamnati ce?"

"Ɗaliba ce, ranka ya daɗe."

"To. Don wani abokin sana'arka ya biyo ta nan, ya ce mana za ka kawo mai leƙa rumbuna. Ka san yanzu ana ta kafa kwamitocin zakka. Mu ba mu ƙi fitar da haƙƙin Allah ba, tun kakanni muke fitarwa, mu ba wanda muka sani. Abin da ba mu so shi ne a ci tuwonmu a tafi da labarin cikin gidanmu."

Na gane wanda ya kai maganar, ya daɗe yana son ƙwace mini cinikin ƙauyen. Amma gaskiyar ita ce ni ma ban san abin da take yi a ciki ba. Shekara da shekaru ina zuwa garin, ban taɓa wuce zaure ba. Duk da haka na ce, "In wata magana ta fita daga gidajenku ta bakinta, kada ku ƙara sayar mini ko mudu ɗaya." Ya ce ya ji, ga shaidu.

A hanyar dawowa na ce mata, "Ke, me suka ce?"

"Sun gaishe ka, Baba."

"Ban da gaisuwa."

"Abin da aka gaya mini a ɗaka ba na faɗa. Abu na farko da aka koya mana ke nan."

"Ni ma?"

"Kai ma, Baba. Ka yi haƙuri."

Na kusa tsayar da motar. Na ce a raina, ga shi nan: ubanta ba zai ji ba, amma malaminsu na Kano zai ji. Da na faɗa mata haka, ta ce malamin zai ji cewa rijiya ta yi nisa kuma babu ungozoma a kusa, amma ba zai ji wace ce ta faɗi me ba, ko wane gida. Ban yarda ba. Muka ci gaba da zuwa duk ranar kasuwa, tana shiga tana daɗewa, wani lokaci ta fito idonta ja, ni ina zaure ina shan fura da mutanen da suka rage yi mini wasa.

Sai na yi abin da nake yi wa sabon dillali. Akwai maƙwabcina a Takur, inda ɗakin ajiyata yake, mutum ne mai son jin abin da bai shafe shi ba, kuma yana cikin wani kwamiti na unguwa. Na gayyato shi gida, na sa ta kawo mana ruwa, na tashi kamar zan yi alwala, na tsaya bayan ƙofa.

Ya ce, "'Yata, an ce mutanen can sun tara riɗi sun ɓoye, rumbu har bayan ɗaki. Ke da kika shiga, haka ne?"

"Kawu, ai Baba ne mai riɗi. Ni ko bambancin fari da ja ban sani ba."

"Kai, 'yar boko! To matan fa? An ce akwai wadda mijinta ya daina ciyarwa."

"Allah ya shirya mu gaba ɗaya, Kawu. A ƙaro ruwan?"

Ya lallaɓa ta nan, ya ɓullo ta can, har ya ce zai sa a ɗauke ta aiki in ta gama. Bai samu komai ba. Da na dawo ya ce mini, "Alhaji, wannan ta fi ka rowa."

Ko a nan ban saki jiki duka ba, domin wanda ya ƙi ɗan kwamiti yana iya faɗa wa wani da ya fi shi. Abin da zai raba gardama shi ne kaka. Ta koma makaranta, aka yanke riɗi, aka kaɗe, na ɗauki buhunana na nufi ƙauyen ban san ko da kaya zan dawo ba. Ina isa na tarar da motar abokin sana'ar nan a gindin tsamiya, ya riga ni.

Mai gari ya bar ni a tsaye ɗan lokaci kafin ya nuna mini tabarma. Ya ce sun saurara tun tafiyarmu, sun aika kasuwanni, ba su ji maganarsu a bakin kowa ba. Sannan ya ce, "Matan sun ce nasu riɗin, na gayaunarsu, kai za a auna wa. Mu ma haka. Amma sun ce ina Malama?"

Ban gane nan take cewa 'yata ake nufi ba. Na cika mota har na sake dawowa.

Ta gama karatun, ta yi aiki a wurare da dama. Har yanzu in aka tambaye ni me ta karanta, ina cewa ban gama ganewa ba, kuma ban daina tambayar waye ke amfana da irin bayanan da suke tarawa ba. Bayan aurenta ma wata tsohuwa daga ƙauyen ta zo Yalwawa nemanta, aka aika aka kira ta. Suka shiga ɗakin uwarta suka turo ƙofa. Ni da gidana na ɗauki buzuna na koma waje.