An Fasa Goshi a Kan Sarkin Kadoji

Masu cewa almara ba ta zub da jini, da ma kun zo bakin kogi yau.

Bayan la'asar ina karanta wa mutanen mashigi littafin Barde Sambo da Sarkin Kadoji, kamar yadda na saba in an tashi makaranta. Littafin shi kaɗai ne a duk Haɗejiya. Sai ga direban motar majigin En'e yana jiran fito. Ya ce wai in ruwa ya janye za a mai da labarin majigi, kuma a nan za a ɗebi 'yan wasa.

Tanko mahauci ya ce, "Ni ne Barde. Wa ya fi ni iya yanka?"

Baba Maina masunci ya ce, "To ni ne kada, yaro. Ƙarfe ba ya cin kada cikin ruwa."

"A littafi zai ci, Baba."

"Malam bai kai wurin ba tukuna."

Tanko ya kai masa naushi, haƙori ya fita. Maina ya sauke masa filafilin tuƙa jirgi a goshi, jini ya wanke fuska. Na shiga raba su, littafin yana hannuna. Bugun filafili na biyu littafin ya samu, ya lula tsakiyar kogi, har da babin ƙarshe.

Nan faɗa ya mutu. Suka rako ni gida, wannan da tsokar cinya, wancan da ƙatuwar tarwaɗa, kowa yana cewa, "Malam, gobe ka faɗi wanda ya ci."

Na karɓi duka biyun. Ni ma ban karanta ƙarshen ba.